Malamin da Bai Kira Sunan Ɗansa Ba

A Issawane babu wanda bai san Mushe Abdurrahamane ba; Mushe ake kiran malamin boko a can. Ya tsufa yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma rabin magidantan garin daga gare shi suka koyi cire takalmi kafin gaida babba. Tun yana makarantar horon malamai ya ci karo da koyarwar wani mai hikima na ƙasar Sin, Konfushiyus, ta kama masa zuciya. Yakan ce wa yara, mutumin nan ya gane cewa halin kirki daga gida yake farawa, kuma durƙuson da zuciya ba ta ciki wahalar gwiwa ce kawai.

Sai dai a gidansa akwai Nasiru, ɗansa na fari. Kunyar ɗan fari kuwa Mushe ya riƙe ta kamar yadda ya gada. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. In zai yi maganarsa sai ya ce “wancan”. Yaran gari suka sha nasiharsa har suka ƙoshi, nasa kuwa daga bakin wasu yake jin ta.

Nasiru ya girma da ladabi, amma irin na gwiwa. Yakan durƙusa ya yi gaisuwa, idonsa na ƙofa. Da kaka ta wuce, ya gaya wa uwarsa Uwani zai tafi arewa haƙar zinariya, ba kuma da niyyar dawowa ba.

Mushe ya yi abin da aka saba, ya aiki ƙanensa Sha'aibu ya hana shi. Sha'aibu ya dawo yana karkaɗe hula.

“Yaya, ya ce in kai ne ba ka so shi tahi, ai kana da baki.”

“Ka gaya mishi uwa tai ba ta da lahiya?”

“Na gaya mishi. Ya ce uwa tai ta san sunanshi.”

Uwani, da ke tankaɗe a gefe, ta ce, “Malam, ɗiyan mutane ka gyara su duka. Wanga ɗaya ne ya fi ƙarfin Basinen naka?”

Mushe ya tashi. Ya shiga ɗaki ya gwada sunan a hankali, shi kaɗai, ya ji ya yi masa nauyi a harshe kamar ya ɗauko kayan wani.

Ranar kasuwar Mayahi, ranar tafiyar Nasiru, Mushe ya hau kabu-kabu ya bi shi tasha. Ya tarar da Nasiru a saman babbar mota, kan buhuna, ya naɗe fuska da rawani. Tsofaffin ɗaliban Mushe suka kewaye malaminsu, wannan ya durƙusa, wancan ya cire takalmi, kowa na tambayar me ya kawo Mushe. A gabansu zai kira?

Ya ɗaga kai ya ce, “Kai. Sauko.”

Nasiru ya janye rawanin daga bakinsa, ya rusuna daga can sama, yadda ya kamata.

“Wa kake nuhi, Baba? Muna da yawa nan.”

Direba ya ta da mota. Mushe ya buɗe baki, ya dubi mutanen da ke durƙushe a gabansa, ya rufe. Nasiru ya jira har motar ta fara mirginawa, sannan ya mayar da rawaninsa.

Mushe ya koma gida. Uwani ta dubi bayansa, ta ga ba kowa, ta kwashe kwano ɗaya daga cikin waɗanda ta jera.