Jar Giyar Faransa da Goron Gwaggo

Ana kiran assalatu muka bar gida zuwa filin jirgin Kano, ni da gwaggona mai sarin takalma. Ni da ko Abuja ban taɓa zuwa ba, sai ga ni a Guangzhou daf da wasannin Olamfik. Biza ta yi wuya, tamu gajeriya ce, 'yan sanda kuma ko'ina suna duba fasfo. Nawa a ƙugu na ɗaure shi kamar laya.

A unguwar Xiaobei muka sauka, inda Hausa ke tashi a titi kamar kana Kantin Kwari. Taliyar da Musulmin ƙasar ke ja da hannu akwai araha, ɗakin kwana ne ya yi tsada. Duk wanda muka roƙa ya haɗa mana kaya kafin bizarmu ta ƙare sai ya ce "meyo", wato babu. Da ƙyar mai wata masana'anta ya ce zai duba, amma sai mun ci abincin rana tare. In ya ƙi, kasuwar sallah ta wuce Gwaggo.

Wata 'yar Damagaram mai karatun likita ce ta yi mana tafinta. Mutumin ya kyauta, daga gidan abincin Musulmi ya sa aka kawo gasasshen rago da naman sa. Sai ya fito da wata kwalba yana riƙe da ita kamar jariri. Tafintarmu ta karanta Faransancin jikinta, ta ce jar giya ce, an haɗa inabi iri biyu, ɗaya don ƙarfi, ɗaya don laushi. Shi kuma ya kaɗa kofi, ya shinshina, ya ce tana ƙamshin busassun 'ya'yan itace da itacen gangar da ta kwana a ciki. Wai tana kama harshe, shi ya sa take son nama mai maiƙo. Ba ta shiri da kifi, ba ta shiri da barkono.

"To ai ba za ta yi kwana ɗaya a Kano ba," in ji Gwaggo.

Dariyata ba ta ƙare ba na ga ya miƙe, ya zuba, ya miƙo mini da hannu biyu. A wurinsu girmamawa ce, ƙin karɓa kuma cin fuska. Kowa ya tashi tsaye. Warin ya bugi hancina, kamar tsimin da ya kwana biyu. Na ce a raina in na sha na saɓa wa Allah, in na ajiye na karya Gwaggo. Na ajiye. Fuskarsa ta canja.

Gwaggo ta buɗe jakarta, ta ɓare jan goro, ta miƙa masa da hannu biyu, ta dubi tafintarmu.

"'Yata, gaya masa wannan ne namu mai kama harshe. In ya iya haɗiyewa, sai mu yi magana."

Ya tauna. Idonsa ya kawo ruwa, ya rasa inda zai tofar. Da ya samu bakin magana ya ce wannan ya fi giyarsa mugunta.

"Ka gani, ranka ya daɗe? Kowa da abin da ba ya wuce masa wuya."

Ya yi ta dariya, ya sa aka kawo mana shayi, da shi muka ɗaga kofi. Kafin mu taso daga ƙasar, kayanmu sun isa tashar jirgin ruwa ta Huangpu.

Yau mako guda da dawowarmu, amma in na tuna yadda fuskarsa ta canja har yanzu gabana faɗuwa yake. Na gode wa Allah, na gode wa Gwaggo. Na iya cewa a'a tun daga gida. Yadda ake faɗinta a bar mutum da mutuncinsa, wannan a wurinta na koya.