Igiyar Baba a Hannun Kunkuru

Ruwan sama ne ya kawo mana Kunkuru. Muna cikin rumfar da muke ajiye kayan aiki, ni da Baba muna warware igiya, sai ga wani siririn mutum ya raɓo jikin ginshiƙi, rigarsa tana ɗiga. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, fakewa zan yi kafin ruwa ya ɗauke." Ruwa ya ɗauke kafin la'asar. Shi kam yau shekara talatin da huɗu bai ɗauke ba.

Sana'armu haƙar rijiya ce da yasarta. Dokokinmu ba su da yawa. Kafin mutum ya sauka, a zura fitila a kunne har ƙasa; in ta mutu, iskar ramin ba ta da kyau, ba mai shiga. In ka sauka, igiya tana ɗaure a ƙugunka, da ita kake magana da na sama. Ja ɗaya, a aiko guga. Ja uku, a fitar da ni. Na sama kuma ba ya jan mutum sai ya nema, don in ka fizgi wanda bai shirya ba, sai ka haɗa masa kai da bango. Baba ne ke riƙe igiya, kuma a wurinmu mai riƙe igiya shi ne shugaba.

Ni tun ina shekara sha shida nake shiga rami, har lokacin ban taɓa ja uku ba. Baƙon nan a watansa na farko ya ja uku har sau huɗu. Wai ya ga yashi yana tsiyaya daga bango. Wai ƙasa ta sake wari. Dogo, mai jan guga, shi ya raɗa masa suna. Ya ce, "Wannan ai kunkuru ne, ko ganye ya faɗo sai ya mai da kai ciki."

Mun sha gardama a kansa a rumfa, lokacin hutun rana. Ni na ce gudu yake yi. Dogo ya ce a'a, mai gudu ai yana da sauri, wannan noƙewa ce kawai. Shi kuwa yana zaune yana kankare laka daga diga, ya ce, "Yaya, ja da baya na yi."

Na ce, "To mene ne bambancin?"

Baba ne ya amsa, ba shi ba. Ya ce, "Wanda ya gudu ba ya waiwayar aikin. Wannan ka taɓa zuwa da safe ba ka tarar da shi a bakin ramin ba? Janyewa yake yi. Ya ga abin da ya fi ƙarfinsa yau, ya bar shi sai gobe."

Na ce, "Duk sunan da kuka ba abin, ƙasar da bai haƙa ba ni na haƙa ta."

Ba wanda ya musa, ba kuma wanda ya yaba.

Gaskiya ba zan ɓoye ba, akwai ranar da ya janye daga wata rijiya, da gari ya waye muka tarar bangonta ya rufta. Sau ɗaya ke nan. Har yau ana ba da labarin. Sauran ranakun da ya fito a banza, muka yi zaman kashe wando, ba mai tuna su sai ni.

Baba ya ba shi ɗakin da ke jikin rumfa. Ɗaki ne ƙarami, gado ɗaya da ƙusa uku a bango, amma ƙofarsa tana kallon inda Baba ke zama da yamma, ni kuwa ɗakina yana can ƙuryar gida. Inna ta ware masa kwanonsa. Da ya tashi aure, Baba ne ya je nema masa, ya sa rigar da bai sa ba a nawa. 'Ya'yana in sun yi laifi bayan Kunkuru suke ɓuya, su riƙe masa wando, ya ce, "Yaya, sun shigo hannuna, a bar su." Masu ba mu aiki ma suka fara cewa, "A turo mana mai hankalin nan." Ni mai fasa dutse ba ni da suna a bakinsu. Hannuna duk kanta, bayana ya riga shekaruna tsufa, amma shi ne mai hankali.

Da gwiwoyin Baba suka fara gazawa, na same shi a rumfa shi kaɗai. Na ce, "Baba, igiyar nan wa za ka ba?"

Ya ce, "Kai ne ɗana, kai ka fi kowa ƙarfi. Amma wanda bai taɓa neman a fitar da shi ba, ba zai san lokacin da na ƙasa ke bukatar fita ba. Ranar da ka ja uku, igiya taka ce."

Na yi tsaki a raina. Wato sai na zama kunkuru kafin in gaji ubana.

Bayan wata biyu aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya a bayan gidan burodi. Ta shekara a rufe da kwano da duwatsu. Baba ya zauna a kan buhu a inuwa, ya ce Kunkuru ya riƙe masa igiya na yau. Tun daga nan raina ya ɓaci.

Muka zura fitila. Da ta kusa ƙasa, wutar ta tsuke ta koma kamar ƙwayar wake, amma ba ta mutu ba. Kunkuru ya ce, "Yaya, mu bar ta a buɗe ta sha iska. Mu ɗaura lema mu yi ta zurawa muna ja ta koro iskar ramin, gobe a shiga."

Na ce, "Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, amma..."

"Doka ta ce in ta mutu. Ko ka kawo taka dokar ce daga inda ruwa ya koro ka?"

Dogo ya yi dariya, sannan ya haɗiye ta. Mai gidan burodi yana tsaye da gari a hannu, yana cewa shi dai ruwa yake so. Na ɗaura igiya na sauka.

Gaba goma sha ɗaya ce zurfinta. Ƙasan laka ce baƙa mai wari. Na cika guga biyu lafiya. A na uku kaina ya fara sarawa, shebur ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Na san abin da ke faruwa, ba yaro ba ne ni. Na kama igiya. Ja uku kawai, in fita da raina, in kuma karɓi abin da na yi shekara da shekaru ina jira. Na ɗaga kai, na hango shi can sama ya leƙo, hannunsa a kan igiyar ubana. Na tuna a tafinsa jan zai sauka. Shi zai fara sanin na nemi ceto, wurinsa kuma na nema. Sai na saki igiyar, na koma na ɗauki shebur.

Abin da na sani bayan nan, ina kwance a kan ƙasa, ana yayyafa mini ruwa, goshina ya fashe inda ya bugi bango. Dogo ya gaya mini daga baya cewa Kunkuru ƙarar shebur yake saurare. Da ya ji ta canza, sannan ta tsaya, bai tambayi kowa ba, ya daka masa tsawa, "Ja!" Dogo ya ce bai taɓa sanin mutumin nan yana da murya ba.

Da na gama amai na zauna, Baba ya taso da sandarsa. Ya dubi Kunkuru ya ce, "Wa ya ce ka ja mutum bai nema ba?"

Ya ce, "Ya nema, Baba. Sau uku ya ja. Na ji a hannuna."

Labarin sharaɗin Baba ya riga ya bazu a rumfarmu, Kunkuru ma ya sani. Ga igiya ya miƙo mini a gaban mutane, ba abin da ya rage sai in yi shiru. Wannan ya fi ramin ƙona mini rai. Ya fi ni a wurin Baba, ya fi ni a wurin 'ya'yana, yanzu har gadona shi zai ba ni sadaka, in fake a bayan ƙaryarsa kamar yadda yara ke fakewa a bayan wandonsa.

Baba ya juyo ya ce, "Haka ne?"

Na ce, "Ban ja ba."

Kunkuru ya ce, "Haba Yaya, ba ka cikin hayyacinka, ka manta ne."

Na ce, "Rufe mini baki. Na kama, na saki."

Baba ya jingine sandarsa. Sannan ya sunkuya da kyar, ya kwance igiyar daga ƙuguna, ya naɗe ta da kansa, ya rataya wa Kunkuru a kafaɗa.

Shekara goma sha tara ke nan ina shiga rami Kunkuru yana riƙe da ni. Baba ya rasu, Dogo ya bar aikin, shi yana nan a ɗakin jikin rumfa, ya ƙi komawa babban ɗakin da aka ba shi. Ba mu taɓa rasa mutum a hannunsa ba, wannan aiki ne, na gani da idona. Na ja uku sau biyar a shekarun nan, kuma ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba. Da ya yi mini gori da na samu abin riƙewa.

Jiya da safe yana shafa wa igiyar mai, ya ce, "Yaya, kafaɗata ta fara ciwo. Ko za ka riƙe mana yau?"

Na ce, "Ba a ba ni ba."

Na ɗaura ɗayan bakin a ƙuguna, na ce Allah ya sa ya karya kumallo da kyau, don na ƙara nauyi.