Dama Sau Bakwai

Na manta abubuwa da yawa na zamanmu a unguwar Thamesmead ta London, har lambar flat ɗin sai na tambayi maiɗakina. Amma lokacin sanyin da na ɗauki biro na rubuta "dama" sau bakwai a kan takarda ɗaya, na kusa rushe tafiyar da na shekara ina haɗawa, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Tsakiyar shekarun casa'in ne. Ina aikin ofis a council, wato ƙaramar hukuma, bayan na jingine karatun da ya kawo ni London. A cikin 'yan'uwa Hausawa an san ni da hali ɗaya: mai fara abu da zafi, ya bar shi a hanya. Na fara digiri a wata jami'a da ke Aldwych na ajiye, na fara koyon ɗinki na ajiye, har ƙungiyar ƙwallo na taɓa kafawa, ba ta ga Asabar ta uku ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska, amma ina jin yadda dariya ke canja salo idan na ce, "Ina da wata shawara."

Sai na faɗa wa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, irin na allo ɗaya da ake ɗaure ƙafafu biyu a kai. Wani kaset ɗin bidiyo ne ya jawo mini. Na ga mutum sanye da takalman roba masu tauri, ya kwantar da allonsa a kan kaifinsa, ya kwanto da jikinsa har hannunsa na shafar ƙasa, ya yanko kwana ba tare da ya watsa dusar ba. Da ya wuce, abin da ya bari a baya layi ne guda, siriri kamar zanen fensir. Na maimaita wurin nan har kaset ya fara ja. Na ce wa kaina ni ma sai na zana layin nan.

Ban san yadda na shawo kan mutum shida ba, amma na shawo su. Babbanmu wani likita ne ɗan Katsina, dattijo mai kamun kai, wanda duk muke kira Likita. Da ya ce zai je, sauran suka bi. Akwai kuma wani ɗan zangon Kumasi da ke zaune a unguwar Edmonton yana tuƙin tasi, shi ya ɗauki nauyin tuƙa mu a ƙaramar bas har duwatsun Faransa. Ni ne mai tsare-tsare. Na yi layin biza, na kama mana gida mai kicin don mu dafa namu, na rubuta wa kowa abin da zai nema, daga safar hannu zuwa baƙin tabarau. Kowa ya ɗauki hutu a wurin aikinsa. Ni kuma na sayi allona na kaina, na hannu, ja mai tsawo, wanda aka yanka gindinsa a karkace. Mai shagon ya tambaye ni wace ƙafa nake sawa a gaba, domin irin wannan allon ƙafa ɗaya ake ƙera shi dominta. Ko numfashi ban ja ba na ce dama.

Don mu koya kafin tafiya, duk Lahadi mukan haɗu a wani tudu da aka shimfiɗa wa burushin roba a madadin dusar ƙanƙara, can tsallaken kogi. Ranar farko aka miƙo mini takardar hayar alluna: tsawon mutum, lambar takalmi, da ƙafar da za a ɗaure a gaba. Tsawo da takalmi na bi kowa na tambaya. Ƙafa kuwa ban ga abin tambaya ba. Mu da aka rene mu da dama ake ci, da dama ake karɓa, da dama ake shiga masallaci, hagu kuma ta banɗaki ce, wa zan kalla in ce masa ko da hagu zai fara? Na cike gidajen bakwai da hannuna, har da nawa, ni mai allon kaina. Malamin koyarwa ma na ce ba ma buƙata, ai ina da kaset.

Lahadi huɗu muna shan ƙasa. Ba faɗuwar ɗan koyo ba, wadda kullum take raguwa. Tamu kullum jiya-i-yau. Da ka miƙe, allon sai ya nemi juyawa da kai, ka ga bayanka ya koma gaba, sai ka ji ka a kan burushi. Burushin nan kuwa ba shi da imani, yana cin gwiwa, yana kama yatsa. Mutum ɗaya ne kawai yake gangarowa lafiya, ɗan Kumasi, har yana ɗaga mana hannu. Muka ce ai direba ne, ya saba.

A Lahadi ta huɗu wani ɗalibi a cikinmu ya gurɗe babban yatsa. Likita ya ɗaure masa, sannan ya ja ni gefe inda ake ajiye motoci.

"Malam, yaushe ne ranar ƙarshe da za a iya yin cancel?"

Na ce, "Litinin ta sama, Yallaɓai."

Ya ce, "To. Lahadi mai zuwa, in kai da ka tara mu ba ka sauko daga tudun nan a tsaye ba, ka kira masu gidan da muka kama ka yi cancel, a fasa tafiyar. Ba zan kai mutane dutse in dawo da su a ɗaure ba. Ba laifi ba ne a fasa abu." Ya dube ni. "Kai ma ai ka sani."

Wannan "kai ma ai ka sani" ta fi burushin ciwo. A bas ɗin komawa gida na zauna a benenta na sama ni kaɗai, allona ja a tsakanin ƙafafuna, ina jin kunya kamar in nutse. Na san idan na fasa wannan, shi ke nan, ba mai sake ɗaukar maganata da nauyi a garin nan, har matar da nake aure.

Ranar Asabar da rana ɗan Kumasi ya zo gidana da taswira, wai mu duba hanya daga tashar jirgin ruwa ta Dover. Na ce masa ya ajiye, da wuya a je. Ya ce shi dai an ce ya duba hanya, zai duba. Maiɗakina ta gama goge ledar tsakar gida ke nan, sai tarho ya yi ƙara a kan bangon kicin. Na taso da gudu da safa a ƙafata, na ji santsi, na sake jiki na zame har gindin tarhon, kamar yadda na saba yi in yara ba sa kallo. Wani ne ya kira lambar da ba daidai ba. Da na juyo, na tarar ɗan Kumasi ya ajiye kofin shayinsa yana kallon ƙafafuna.

Ya ce, "Maigida, koma ka yi kuma."

"In yi me?"

"Zamiya nan. Yi kuma, ina son na gani."

Na koma na sake zamowa, ina dariya. Ya ce in ƙara. Sau uku, kuma duk sau ukun hagu ce a gaba. Ya buga cinyarsa ya ce, "Wallahi kafa nan ne! Kai hagu ne, ka daure dama. Wata guda kana tuka mota da ribas!"

Maiɗakina tana tsaye da tsumma a hannu ta ce, "Baban yara, ai ko matakala da hagu kake fara hawa. Na ɗauka ka sani."

Ban sani ba. Amma nan take na tuna barandar simintin makarantarmu a Kano idan an yi ruwa, yadda mukan sheƙo da gudu mu zame ba takalmi, kuma na ga ƙafar da take gaba. Na tuna kakata da ludayinta a kan bayan hannuna duk lokacin da na miƙa hagu cikin kwano. Ta gyara hannun, Allah ya jiƙanta, ta gyara shi sarai. Ƙafar ce ba ta bi ta kanta ba.

Washegari ɗan Kumasi ya riga kowa zuwa. Duk wanda ya fito daga mota, sai ya lallaɓa ta bayansa ya ɗan hankaɗa shi, mu kuma mu duba ƙafar da ta riga fita don tare faɗuwa. Hagu. Hagu. Hagu. Hagu. Da aka zo kan Likita kowa ya noƙe, don ba mai iya tura dattijo. Ɗan Kumasi ya ce, "Baba, ka yafe ni," ya tura. Hagu ta fita, tsaf.

Likita ya tsaya yana kallon ƙafarsa kamar ta ci amanarsa. Ya ce, "Shekara hamsin da biyu ban fara abin kirki da hagu ba."

Ɗan Kumasi ya ce, "Baba, sa takalmi na dama farko, yi bismilla. Hagu kuma mu daure shi a gaba. Dama ne yana baya yana ba da oda, kamar kai."

Dariyar da Likita ya yi ranar, ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Muka karɓi sukudireba a wurin masu haya, aka kwance maɗauran ƙafa aka juya su. Alluna biyar suka gyaru cikin rabin sa'a. Nawa ne kaɗai ba ya juyuwa, tunda a karkace aka yanka shi, don mai dama. Na daɗe ina riƙe da shi. Sannan na miƙa wa ɗan Kumasi, mutum ɗaya tilo a cikinmu da damarsa ta gaskiya ce, na je na karɓi wani tsohon allon haya duk ƙarzuwa.

Na hau can saman tudun. Ana hango kogin da dogayen gidajen unguwarmu a hayi, iska tana kaɗa mini wando, su shida suna ƙasa sun ɗaga kai. Na yi bismilla na saki jiki. Abin mamaki, allon da ya yi wata guda yana gardama da ni sai ya bi ni kamar ya san ni. Na juya dama, ya juya. Na juya hagu, ya juya. Ban yi kyau ba, hannuwana a warwatse kamar mai korar kaji, amma na iso ƙasa a tsaye. Ihun da mutanen nan suka yi sai da Turawan da ke layi suka waiwayo. Likita ya zo ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, "Malam, kada ka kira kowa gobe."

Mun je. Kwana shida muka yi a dutsen, muna dafa shinkafa da miyar gyaɗa, muna salla a falo, muna faɗuwa a dusar da ta fi burushi tausayi nesa ba kusa ba. A rana ta biyar da safe, kan wata gangara mai faɗi da ba a riga an tattaka ba, na durƙusa gwiwa na kwantar da allon a kan kaifinsa, na hana kaina tsoro. Ƙarar gurzar da na saba ji ta ɗauke. Sai wani sauti siriri, allon ya ɗauke ni ya zagayo da ni da kansa, yatsuna suka shafi dusar. Da na tsaya na waiwaya, ga shi can tun daga sama: layi guda, siriri, ba inda ya yanke. Na zauna a wurin na yi kuka, ni da gemuna, tabarau ya cika da hazo.

Ɗan Kumasi ya gangaro a kan jan allona, ya tsaya kusa da ni yana haki. Likita ya iso daga baya a hankali, ya dubi layin tun daga farkonsa har inda nake zaune, ya ce, "Wannan kam ka ƙarasa shi."

Shekarar da ta biyo baya na koma Aldwych na ƙarasa digirin, amma a wani fanni daban, wanda tun farko shi raina ke so ban faɗa wa kowa ba. Har gobe da dama nake ci, da dama nake gaisawa, kuma haka na koya wa 'ya'yana. Abin da tudun burushin nan ya koya mini shi ne, kafin in yanke wa mutum hukuncin cewa ba ya iyawa, ko da ni ne mutumin, in fara duba ko an ɗaure shi ta inda Allah bai yi shi ba. Kuma tun daga ranar, ban sake cike wa wani gidan da ke kan takardarsa ba sai na tambaye shi.