Telan da Ba Ya Awo

Kawuna tela ne, kuma shekara arba'in da ya yi a kan keken ɗinki bai taɓa auna mutum ba. Yana da tef ɗin awo, yana rataye da shi a wuya tun safe, amma aikinsa bai wuce korar ƙuda ba. In ka kawo yadi sai ya dube ka daga sama har ƙasa, ya ce ka juya, ya ɗauki almakashi. Sau da yawa ɗinkin kan zauna daram. In kuwa bai zauna ba, laifin jikinka ne. Mahaifina yana da shekara hamsin da biyu Kawu ya ɗinka masa riga mai jan ƙasa, ya kuma ba shi haƙuri da cewa zai girma a cikinta.

Babu waɗanda ya raina kamar telolin da ke yanka takarda su shimfiɗa a kan yadi kafin su sa almakashi. Masu yankan takarda yake kiransu, ya ce idon da sai an yi masa jagora ba ido ba ne.

Gwiwarsa ta dama, wadda ke taka keke, ita ta fara gajiya. Ta kumbura, ƙafar ta lanƙwashe, har ta kai ko kalmasa ɗaya ba ya iya gamawa sai ya tsaya yana cije leɓe. 'Ya'yansa suka ce a sa wa keken injin lantarki, ya ce ba ya hawa abin da zai gudu da shi. Sai suka ce to a rufe shagon ya huta. Tun daga ranar Kawu ya rage magana, abin ya tsaya mini a rai, domin na san in aka raba shi da keken nan an gama da shi.

Ni na kai shi asibiti. Likitan ƙashi, wani mai sanyin magana da tabarau mai kauri, ya nuna mana hoto ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Za a yanke bakin ƙasusuwan a sa ƙarfe da roba. Ya ce hanya biyu ce. Ko dai ya yi da kayan aikin da ya saba da su, ya daidaita da idonsa da hannunsa kamar yadda ya shekara ashirin yana yi, ko kuma a ɗauki hoton gwiwar ta kowane gefe a aika wani kamfani, su ƙero 'yar roba da za ta hau ƙashin Kawu shi kaɗai, da tsaga a jikinta inda zarto zai bi. Wannan sai an jira mako shida.

Kawu ya waiwayo ya dube ni, bakinsa har kunne.

"Wato likita, kai ma sai an yanka maka takarda?"

Likita ya yi dariya ya ce kusan haka ne, amma in Baba ya fi son ido, jibi ma akwai wuri. Kawu ya dubi tabarau ɗin likita, ya dubi gwiwarsa, ya sake duban tabarau.

"A auna," in ji shi. "Ba sauri nake ba."

Ranar ɗaukar hoto na ga abin da ban taɓa zato ba. Mutumin da ya hana rabin unguwa awo ya kwanta cikin na'ura ko motsi babu. Da aka fito da shi ya tambayi matar da ke aikin ko ta rubuta, ya roƙe ta ta maimaita, ya kuma ja mata kunne cewa ta dama ce, kada a haɗa da gwiwar wani. A hanyar gida ya gargaɗe ni kada mahaifina ya ji wannan labari. Kafin yamma na gaya masa.

An yi aiki lafiya. Da ya farfaɗo ya nemi a ba shi 'yar robar da zarto ya bi ya ajiye, aka ce sau ɗaya ake amfani da ita, an jefar. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, sannan ya ce shi dai tunda yake, ita ce abu na farko da wani ya zauna ya yi daidai jikinsa. Na gyara masa matashi.

Wata uku ana fama da sanda da motsa ƙafa, yana zagin mai koya masa tafiya a ɓoye, yana yi mata godiya a fili. Ranar da ya koma shago muka bi shi, ni da matarsa da babban ɗansa, wanda ya zo da kwaɗo a aljihu ko da za a rufe. Kawu ya zauna, ya sa ƙyalle ƙarƙashin allura, ya ɗora ƙafa. Keken ya yi gardama sau ɗaya, sannan ya kama. Ya kai ƙarshen ƙyallen, ya juya shi ya dawo, ya sake juyawa, ya ba mu baya don kada mu ga idonsa.

Da ya tsaya sai ya naɗe ƙafar wandonsa, ya bi dogon tabon da yatsa a hankali.

"Yankan dai ya yi," ya ce. "Amma wannan ɗinki, da shagona ya fito, da an warware shi."