Baba Ila Kuku da Shinkafar da Ban Koya Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ila, wanda mutanen Treichville suka fi sani da Ila Kuku. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana ma ba ƙarfin zuciya na samu ba. 'Yata ce ta tambaye ni sana'ar kakanta, na ji bakina ya yi nauyi kamar yadda yake yi tun ina budurwa, sai na ga gara in faɗa kowa ya ji.

Mai dafa abinci ne. Mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, ya sauka Abijan yana saurayi, ya yi dako a tashar jiragen ruwa har wani jirgin kaya ya ɗauke shi aikin kicin. Shekara shida ya yi yana yawo a teku. Babban kukun jirgin Ba'indiye ne, a hannunsa ya koyi biryani da miyar kori. Da ya bar jirgi ya yi aiki a gidan wani ɗan kasuwa mutumin Labanan, inda tsohuwar gidan ta koya masa yadda ake haɗa nama da kirfa da na'a-na'a. Shinkafar Sanagal kuwa, wadda a Abijan muke ce wa cep, a tsakar gidan hayarmu ya koye ta, yana tsugune gefen murhun maƙwabciyarmu yana tambayarta har ta gaji da shi.

Mahaifiyata ta rasu ina da shekara bakwai, bai sake aure ba. Shi ya rene ni, shi yake dafa mini, kuma da yake sunan mahaifiyarsa na ci, bai taɓa kiran sunana ba sai dai Uwata. A lokacin da na yi wayo ya riga ya bar aikin gidan mutane ya koma dafa abincin biki. Hausawa da Julawa da 'yan Sanagal na unguwar babban masallaci, duk wanda zai aurar da 'ya ko zai yi suna, sai ya zo ya kama ranar Ila Kuku tun da wuri.

Ranar da zai yi cefane nakan raka shi kasuwar Guro da ke Adjame. Matan kasuwar sun san shi, suna tsokanarsa da Julanci yana ramawa. Ba ya sayen abin da aka riga aka niƙa. Zai ɗauki ƙwayar kanumfari ya matsa ta da farce ya ga ko za ta yi maiƙo, ya karya kimba ya kai hanci, ya ajiye ya wuce idan ba ta yi masa ba. A gida yakan soya kowane iri shi kaɗai a busasshen kasko kafin ya daka. Ya ce kuskuren masu girki da yawa shi ne su watsa kayan ƙamshi gaba ɗaya a tukunya. Kirfa da kanumfari su ke fara shiga mai, kurkum idan ya daɗe a wuta ɗaci yake yi, masoro kuma sai an kusa saukewa. Biryaninsa ma ba irin na Indiyawa ba ne tsantsa, yakan saka mata daddawa 'yar kaɗan, wai don bakin Bahaushe ya gane hanya. Wannan ɗan abin da na lissafa shi ne kusan duk abin da na riƙe, kuma a kunne na riƙe shi, ba a hannu ba.

Dalili kuwa kunya nake ji. A lakwal, wato makarantar boko, 'yan mata kan ce babana ɗaurin zane kawai ya rage masa. A cikin Hausawanmu ma, waɗanda suke cin abincinsa har su nemi a ƙunsa musu, ba a zaunar da shi a sahun manya in ana shawara. Na ga wannan tun ina ƙarama, maimakon in ji haushin masu yi, sai na ji haushinsa. Sau da yawa yakan kira ni yana gaban tukunya.

"Uwata, zo ki gani, yanzu ne ake zuba citta."

Ni kuwa in amsa masa da Faransanci cewa ina da karatu, don na san ba ya son in amsa masa da shi. Sai ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da juya abinsa.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne lokacin aurena. Mijina Bakano ne, yana shigo da kaya daga waje. Da gwaggonsa ta zo daga Kano ganin gidanmu, ta tambaye ni aikin mahaifina. Na ce ɗan kasuwar kayan yaji ne. Baba yana bayan labule yana tsince shinkafa, ya ji ni sarai. Ranar biki shi ya dafa abinci, tukwane manya a bayan gida, baƙin Kano suna ta tambayar wace ce wannan gwanar, shi kuwa bai fito ba sai da ya yi wanka ya sa babbar riga, ya zauna a cikinsu a matsayin ɗan kasuwar kayan yaji. Har aka tashi bai ƙaryata ni ba.

Bayan shekaru, hawan jini ya kayar da shi a gaban murhu. Ya tashi hannun dama ba ya motsi, magana tana fita da ƙyar, sannan abin da likita bai ɗauka da muhimmanci ba, hancinsa ya daina jin ƙamshi. Muka ɗauko shi daga Treichville muka dawo da shi gidanmu a Adjame, bayan ma'aikatar magajin gari. A lokacin hankali ya fara zo mini. Na ce masa, "Baba, ka koya mini yanzu." Ya yi murmushi da rabin fuska, ya ce in kawo masa kujera kicin.

Mun gwada, Allah ya sani mun gwada. Amma Baba bai taɓa auna komai da cokali ba, yatsunsa ne ma'auninsa, ga shi yatsun sun mutu. Hancinsa ne yake gaya masa lokaci, ga shi hancin ya toshe. Sai ya tambaye ni, "Mi kike ji?" in ce ƙamshi nake ji mai daɗi. Ya girgiza kai. "Wane iri? Ya nuna ko da saura?" Ban san yadda ƙamshi yake nuna ba. Wani lokaci kuma ciwon kan rikita masa harshe, sunan abu ya zo masa da Indiyanci ko Larabci ko yaren Sanagal, ya yi ta maimaitawa yana nuna kwandon kayan ƙamshi da hannun hagu, ni ina ɗago wannan ina ɗago wancan, har abin da ke cikin mai ya ƙone. Wata rana ya ɗanɗana abin da na dafa, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Ban san ko ya yi ba, Uwata." Hawaye ya zubo ta idon da ba ya rufuwa sosai. Daga ranar bai sake cewa a kai shi kicin ba.

Sai rikicin bayan zaɓe ya zo. Waɗanda suka zauna Adjame a watannin nan ba sa buƙatar in ba su labari. Mijina ya tafi Lome karɓo kaya, hanya ta rufe a bayansa. Kasuwar Guro ta watse, bankuna suka rufe, maganin Baba ya ƙare. Wata safiya da harbi ya lafa na saɓa mayafi na fita. Kantin magani uku na je, biyu an fasa su, ɗaya a garƙame. Na ce bari in gwada tsallakawa Treichville inda likitansa yake, matasa masu shinge suka duba katin shaidata, suka karanta sunan mahaifina da ƙarfi, suka gane mu baƙi ne, ɗaya ya ce in koma inda na fito tun yana jin tausayina. Na dawo hannu wofi. Baba ya kalli hannuna, ya ce in zauna in huta.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna cin farar shinkafa da mai da gishiri. Mutumin da ya ciyar da unguwa guda abincin ƙasashen da ba su taɓa gani ba, abin da na iya ba shi ke nan a ƙarshen rayuwarsa, kuma yana ci yana sa mini albarka. Ya cika da hantsi, ina riƙe da kansa, ina jin ƙarar bindiga ta wajen babban titi. Ba a kai shi masallacin Treichville ba, inda ya yi shekara talatin yana salla. Maƙwabta bakwai ne suka sallace shi a tsakar gida, suka ɗora shi a amalanke suka bi lunguna zuwa maƙabarta mafi kusa. Duk wanda ya san wurin kabarin a cikinsu ya koma ƙasarsu bayan rikicin, har yau ban samu mai nuna mini ba.

Yanzu a Kano nake zaune, a nan na gyara Hausar da nake rubutu da ita. Nakan shiga manyan kantuna in ga kayan ƙamshin duniya jere a kwalabe, an niƙa an haɗa an rubuta sunan abincin da za a dafa da su. 'Yan mata suna koyon biryani a waya cikin minti kaɗan. Samari masu girki suna sa farar hula doguwa a talabijin, ana kiransu da girmamawa, iyayensu suna alfahari. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Ina jin zai buɗe kwalbar ya shinshina ya mayar ya wuce. Amma samarin nan na tabbata zai so su, zai zauna ya kalle su har ƙarshe yana gyara musu. Abin da ban sani ba shi ne ko zai yi tunanin da an haife shi a wannan zamanin da 'yarsa ba ta ɓoye shi ba. Ni ina wannan tunanin kullum, kuma ba ya wanke ni, domin zamanin bai tilasta mini ba.

Idan na auna abin da ya saura nasa, ba shi da yawa. Bai bar gida ba, bai bar rubutu ba, tukwanensa an kwashe su a rikicin. Abin da ya rage yana bakin mutanen da suka ci abincinsa, su kuma tsufa suke yi, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Bara na koma Abijan karo na farko. Ina fitowa daga wajen babban masallaci bayan la'asar, wani dattijo mai sanda ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ke ba ɗiyar Ila ba ce?" Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce Baba ne ya dafa abincin auren 'ya'yansa huɗu, ya yi masa addu'a mai tsawo. Sannan fuskarsa ta washe, ya ce Allah ne ya kawo ni, jikarsa za ta yi aure wata mai kamawa, in zo in yi musu shinkafa irin ta mahaifina.

Na ce, "Baba, ban iya ba."

Ya yi dariya har yana dafa bango, ya ɗauka kawaici nake yi. Ya juya wurin mutanen da ke zaune kan benci ya ce ku ji ɗiyar Ila wai ba ta iya ba, su ma suka yi dariya. Ya gaya mini ranar, ya kwatanta mini gidan, ya ce kada in damu da cefane, in rubuta abin da nake so kawai a sayo.

Na ce Allah ya kai mu. Na tsaya a wurin har ya shige lungu yana dogara sandarsa.

Allah ya yi wa Malam Ila rahama, ya haskaka masa inda yake kwance, ko da ni ban san wurin ba.