Na Tsaye Ba Nasa Ba Ne

A ɗakin jiran jirgin ƙasa, wata malama tana kallon dattijon da ke gefenta a benci, ya duƙufa kan shafin jaridar da ake cike gidaje da kalmomi. Fensiri na maƙale tsakanin yatsunsa biyu da taba ta rina tuntuni. Lokaci-lokaci yakan kai shi baki, ya ciro, ya kakkaɓe tokar da babu.

"Abin zuƙar tabar mutanen da, harafi huɗu," in ji shi ƙasa-ƙasa. Yana murmushi yana rubuta lofe.

Kalmomin kwance kaɗai yake cikewa, na tsaye ya bar su fayau. Idonta ya faɗa kan ɗaya: tsiro mai hawa danga, ganyensa da ɗaci, harafi takwas. Irinsa ne ya hau tagar ɗakin ɗanta tun yana raye, har yau ba ta bari a sare shi ba.

"Baba, garafuni ne," in ji ta.

"Na sani, 'yata. Na tsaye ba nawa ba ne, na autata ne. Ita ke cikewa tana yi mini tsiya, wai kaina ya tsufa."

Ba ta tambayi inda autar take ba. Jaridar ta yi laushi, ta dafe, ta fara yagewa a wuraren ninki.

Ya daɗe yana duban gidajen. Sannan ya miƙo mata fensirin.

"Rubuta ƙanana," in ji shi. "Haka take yi."