Taransistar da Ta Fito Daga Cikin Kacalla

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina da 'yar rumfar gyaran rediyo da amfilifaya a Haɗeja, ranakun kasuwa kuma in ɗaure akwatin kayan aikina a bayan babur in bi ƙauyukan fadama. Wanda ya san yankinmu ya san kacalla, ciyawar nan da ta cinye mana ruwa, ta fi mutum tsawo, in ka kutsa cikinta da kwalekwale ka ɓace to gabas da yamma duk ɗaya ne a wurinka. Shi ya sa in masunci ya ɓata ba da ido ake nemansa ba, lasifikar masallaci ake kunnawa a yi ta kiran sunansa, shi kuma ya bi muryar har ya fito.

To ran nan da hantsi na isa wani ƙauye gabas da Haɗeja, sai na tarar kasuwa ba ta ci ba, kowa ya yi jugum a bakin ruwa. Ashe wani dattijo masunci, Baba Modu, ya shiga duba tarkon kifinsa tun jiya bai dawo ba, ga tsufa, ga shi ko guzuri bai ɗauka ba. Masu nema sun shiga, su kansu da ƙyar suka gano hanyar fitowa. An yi ta kira da lasifika har amfilifayar ta ƙone. Ko sauka daga babur ban gama ba Bulama, wato mai garin, ya kama hannuna ya ja ni gindin wata tsamiya kusa da masallaci, ya ce ran mutum yana hannun Allah, amma sababin yana hannuna.

Ina buɗe amfilifayar ƙauri ya buge ni, ɗaya daga cikin manyan taransistocinta ta gasu. Ga wanda bai san aikinmu ba, taransista 'yar baƙar aba ce mai ƙafa uku, in ta mutu ba dole sai ka sami irinta sak ba, makwafinta ake nema: jinsinsu ya zo ɗaya, ta iya ɗaukar wutar da waccan take ɗauka, ka kuma san yadda ƙafafunta suka jeru. Da a gari ne, lambar jikinta zan duba a waya ko in kira abokina a Kano ya gaya mini wadda za ta hau. To ina sabis a nan? Akwatina kuwa ƙananan na rediyo ne kawai a ciki, waɗanda ko tari aka yi a makirfon sai sun fashe.

Na ce a kawo mini duk mataccen kayan wuta da ke garin. Kafin ka ce kwabo an tara mini tsibi, rediyoyi, fitilu, har da wata tsohuwar talabijin da kaji ke kwana a ciki. Na sa ƙarfen dalma a garwashi, na ciro wata daga talabijin ɗin na liƙa, muna haɗa batir ta yi tus, hayaƙi ya tashi. Na sake da wata, ita ma haka. 'Yar dattijon, Fanna, matar aure ce da goyonta, tana tsaye jikin katanga tana kallon hannuna. Sau ɗaya kawai ta ce, "Malam, rana tana yi." Wallahi ban taɓa jin tausayi da kunyar kasawa irin na ranar ba.

Da aka kira azahar maza suka shiga masallaci, na ce su tayar ina tafe. Ina sunkuye ina tonon tarkace sai na ji mutum a kaina, wani gajeren tsoho, jiƙe sharkaf har ƙirji, ya kama hannuna ya sa mini abu a tafi ya ce, "Ga shi, ɗana." Taransista ce babba, sanyi ƙalau kamar daga randa aka ciro ta, jikinta sumul ba lamba ba rubutu. Na ɗora mata mita, ta nuna lafiya lau, jinsin da nake nema. Na ɗago in tambaye shi inda ya samo, ban gan shi ba, na ɗauka sahu ya tafi. A ƙa'ida mai gyara ba ya sa abin da bai san lambarsa ba, amma me ya rage mini? Na yi bisimilla na liƙa.

Kai, jama'a. Da Fanna ta karɓi makirfon ta ce, "Baba, ga gida nan," sai da tsuntsaye suka tashi daga kacalla, mutanen garin suka ce tunda aka sayi lasifikar ba ta taɓa ƙara haka ba. Aka yi ta karɓa-karɓa, wannan ya kira wancan ya kira, ni kuwa hannuna na kan taransistar ina jiran ta ɗau zafi, ko ɗumi ba ta yi ba. Bayan la'asar sai ga ciyawa tana motsi, sai ga hancin kwalekwale. Aka ruga aka ɗauko shi ranga-ranga amma da ransa, na kutsa cikin mutane in ga wanda muka sha wahala dominsa, ina ganin fuskarsa na gane shi. Tsohon nan ne da ya ba ni taransista.

Ban buɗe baki ba, shi ya riga ni. Da aka ba shi kunu ya farfaɗo, ya nuna ni ya ce ai ga mutumin nan. Wai da rana tsaka yana kwance a kwalekwale ya riga ya saduda, sai ga ni ina tafe a ƙafa cikin kacalla, ruwa ko gwiwata bai kai ba, a wurin da gorar tuƙinsa ba ta taɓa ƙasa. Wai na ce ya ba ni abin da ke aljihunsa, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da ya tsinta cikin tarkonsa bai san ko mene ne ba, ya ciro ya ba ni, na juya na tafi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ƙarfen nan naka a hannu ka zo, yana hayaƙi." Fanna kuwa ta rantse idonta bai bar kaina ba, ban tashi daga gindin tsamiya ba, kuma ba ta ga kowa ya zo wurina ba.

Liman ya ce a bar zancen, ikon Allah ya wuce bincike. Daga baya Bulama ya ce in zo da sabuwa daga gari in canza, na ce ni dai ba da hannuna ba.

'Yan'uwana masu gyara, in ran mutum na jiran aikinku kada ku yi saurin cewa babu makwafi, ku yi bisimilla ku ci gaba da nema, wanda ya miƙo muku kuma ku dubi fuskarsa da kyau. Baba Modu ya yi shekaru bayan nan, duk ranar kasuwa sai ya zo mun gaisa, ya kawo mini bandar kifi ya ajiye a kan akwatina. Amma har Allah ya karɓi abinsa, ni da shi ba wanda ya taɓa yarda ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu.